Yelwa Mai Zabi da Ƙwan Tsibirin Toka

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kewaye ta da ruwa, ya halicci tsuntsu mai kwanci da tsuntsu mai ƙin kwanci, ya halicci mai sayarwa da mai tayawa, ya kuma halicci wasu mutane da har yau ban gama gane amfaninsu ba. Ni ce Yelwa, matar marigayi Tunau mai zabi, ta garin Tudun Sabara. Ku matso ku ji yadda na haye teku na dawo, don na gaji da jin labarina a bakin matan da ko rafin bayan gari ba su taɓa tsallakewa ba.

Wanda bai san zabuwa ba, ga halinta. Da damina tana zuba ƙwai kamar an sa ta dole, amma ba ta zama a kansa. Yau ta kwanta, gobe ta ga fara ta bi ta, ƙwai ya huce. Saboda haka duk mai kiwon zabi sai ya nemi kaza mai kwanci ya sa mata ƙwan, ita ta ƙyanƙyashe 'ya'yan wata. Lokacin da Tunau ke da rai muna da kajinmu. Shekarar da ya rasu annoba ta shiga akurki ta share su tas, ta bar zabin. Duk garin mace ɗaya ce kajinta suka tsira, Tabawa ta bayan marina, wadda idan ta ba ka aron tsintsiya sai ta duba ko tsinke ya ragu. Dole na koma kai mata ƙwaina. In an ƙyanƙyashe ta raba biyu, ta tsince masu ƙarfin, ta miƙo mini gurgu da mai mura. Na haɗiye. Damina ta zagayo, Tabawa ta ƙara rabonta, na sake haɗiyewa. Sai ran nan a gidan suna, gaban mata, ta ce bana duk mai son kazarta sai ta zo ta durƙusa ta roƙa da bakinta, don ta gaji da masu cin alheri suna ɗaga hanci. Ba ta kama suna ba, amma duk matan ni suka juyo suna kallo.

Na ajiye ƙwaryar kunu na ce, "Yaya Tabawa, gwiwar nan tun da aka binne Tunau ba ta taɓa ƙasa ba sai a salla." Na ɗauki mayafina na fita.

Maganar ta yi daɗi a baki. Da na isa gida na zauna, sai na ga abin da na jawo wa kaina. In damina ta faɗi ba ni da abin kwanci, ƙwaina zai ruɓe, zabina su tsufa ba masu maye gurbinsu, sana'ar da Tunau ya bari ta mutu a hannuna. Daga nan sai ko dai in koma tallan ƙuli-ƙuli, ko in je in durƙusa.

Ina cikin wannan tunani wani falke mai gishiri ya sauka a zaurenmu. Shi ya ba ni labarin Tsibiran Hayaƙi, can tsakiyar teku, inda duwatsu ke aman wuta. Ya ce akwai wata tsuntsuwa a can, binnau, ta fi zabuwa girma da nama. Ba ta kwanci, ba ta neman mai yi mata. Tona toka mai ɗumi take yi ta binne ƙwanta ta tafi harkarta, ɗan ya fito da kansa. Na ce to ga tsuntsuwar da ta dace da ni. In na samo irinta na kiwata, na huta da kaza, na huta da Tabawa. Na bar matan zabina a hannun ƙanwar Tunau, na cusa tsofaffin mazan a kwanduna, na ɗaure tukunyar ƙarfe da 'yan kayana, na bi ayarin gishiri har garin Bakin Gishiri, inda ƙasa ta ƙare.

Jirgi ɗaya ne ke zuwa tsibiran, na wani sarkin jirgi mai suna Bawale, gajere mai ƙaton wuya. Shi ma wasu attajirai sun riga sun ɗauke shi haya. Na tambaya ko fatake ne, aka ce a'a, masu kallon tsuntsu ne. Na ce mafarauta ke nan. Aka ce a'a. Ba sa harbi, ba sa kamawa, ba sa saye, ba sa sayarwa. Su dai su gani, su gyaɗa wa juna kai, su koma gida. Kowanne da madubin hangen nesa mai tsawon muciya, kowanne da kujerarsa ta katako mai naɗewa. Shugabansu Alhaji Nomau, tsohon attajirin fata, wanda ya bar wa 'ya'yansa kasuwa ya shiga yawon duniya yana leƙen abin da ke saman bishiya. An ce ba tsuntsun da bai gani ba sai binnau, kuma ya yi rantsuwa ba zai mutu ba sai ya gan ta, kamar an ba shi zaɓi.

Bawale ya ce jirgi ya cika. Na wuce na leƙa inda suke girki. Busasshen kifi ne da gari, ba ƙari. Na dawo na buɗe kwando ɗaya. Ya ce zai karɓi zabin duka ya kai ni, dawowa kuma sai mu sake magana. Na ce masa jirginsa yana yoyo, yana warin kifi, igiyoyinsa sun fi ni tsufa, ko kyauta aka ce in hau sai na yi shawara. Ya ce zabina sun tsufa har sun yi ƙaho. Na fara ɗaure kwandon. Kafin la'asar mun daidaita: zabi nasa, zuwa da dawowa nawa, wurin kwanana kusa da murhu inda iska ba ta bugu, yanka nasa, girki nawa, kuma ba wanda zai kira ni kuku.

Ya ce, "Inna, ke da kika zo neman alfarma kin fi mai jirgin baki."

Na ce, "Sarki, ciniki na zo. Da alfarma nake nema da ban bar gida ba."

Muka shiga teku. Ranar farko na dafa musu zabo da yaji da albasa. Mutanen nan da za su yi hawaye in sun hango wani ɗan tsuntsu can nesa ya kama kifi, su ne suka tanɗe kwano har da tauna ƙashi. Na tambayi Alhaji me ya raba wannan da wancan, ba duk fiffike gare su ba? Ya ce wannan ya saba gani. Na ce ashe laifin zabo kusanci ne. Ya yi dariya ya miƙo kwano a ƙara masa romo.

Na ga abubuwa a tekun nan, ba zan ɓoye ba. Na ga kifi mai girman soron bene yana feso ruwa ta tsakar kansa. Na ga guza baƙi ƙirin yana iyo yana kiwo a ƙarƙashin ruwa kamar akuya. Na ga kunkuru da za a shanya zane a bayansa. Na ga wurin da teku ke tafasa, matuƙa suka zura kwando suka ɗebo kifi dafaffe, ko da yake gishirinsa ya yi yawa. Tsibiri na farko da muka isa fari ne fat, na ɗauka alli ne, ashe kashin tsuntsu ne ya rufe dutsen. Tsuntsayen kuwa sun cika sama suna ihu kamar kasuwa ta kama da wuta. A cikin wannan ihun ne Alhaji ya aiko a ce in rage murya, wai zan firgita su. Suka jera kujeru suka ɗaga kai, baki buɗe. Abin da ke faɗowa daga sama ya faɗo, ya sami Alhaji a gemu. Ya shafa ya duba, ya nuna wa na kusa da shi, wai na wani tsuntsu ne da ba a cika samu ba. Ɗayan ya yi masa barka.

Bayan mun bar nan muka wayi gari jirgi ya tsaya cak. Na leƙa, ban ga ruwa ba. Duwatsu ne toka-toka, marasa nauyi kamar soso, sun taso kan ruwa sun rufe teku iyakar gani. Bawale ya ce dutsen da ke gabanmu ne ya amayo su, kuma in ba a ture su an buɗe hanya ba, za su ƙara taruwa su matse jirgin har ruwan shanmu ya ƙare. Matuƙansa kaɗan ne, ya roƙi attajiran su kama dogayen sandunan gora su taya turawa. Suka ce ya dakata, wai ga wata 'yar tsuntsuwa mai jan ƙafa tana tafiya a kan duwatsun, ba a taɓa ganin haka ba. Hantsi ya yi suna kallo, azahar ta yi suna kallo. Ni kuwa damina ba za ta jira ni ba. Na ɗora tukunya, na soya zabo har ƙamshi ya cika jirgin, na rufe, na zauna a kan murfin. Da suka zo da kwanoninsu na ce nama na mai gora ne. Wani dogo a cikinsu ya ce shi bai taɓa aikin ƙarfi ba. Na ce to yau ma bai taɓa zabo ba. Kafin rana ta faɗi mun fita ruwa mai kyau, hannayensu duk sun yi kanta, kuma ba wanda ya sake cewa in rage murya.

Daga nan muka hango Tsibirin Toka. Dutse ne baƙi mai fitar da hayaƙi, gindinsa fili ne na toka mai laushi har bakin ruwa, in ka taka sai ka ji ɗumi a tafin ƙafa. Mutanen wurin ke tsaron filin, kuma ba mai tono ƙwai sai da izinin shugabarsu, Magajiyar Toka. Kafin mu sauka Bawale ya ja ni gefe. Ya ce a nan ba a ciniki irin namu. Mai saye zai zube duk abin da ya mallaka a tabarma. Mai kaya ita ke kushe kayanta, mai saye shi ke yabawa. Duk yabon da ya shiga kunnenta sai ta turo maka wani abu naka ya dawo, duk wanda ta ji na baki ne kawai sai ta janye wani abu wajenta. Wanda kuwa ya kushe ƙwan binnau ko da wasa, za a mayar da shi jirgi hannu wofi, kayansa su zauna.

Ya ce, "Inna, na ji bakinki. Ki bari in yi miki cinikin."

Na ce masa tun da nake ba a taɓa yi mini ciniki ba. Amma na san da gaskiyarsa. Ni da ko a gaban uwata ban taɓa cewa kayan wani na da kyau ba.

Masu kallo suka tafi filin, suka shiga 'yan bukkokin ciyawa da aka yi musu, suka zura madubai suna jiran binnau. Ni aka kai ni gaban Magajiya. Tsohuwa ce siririya, toka ta shiga gashinta da girarta har ba ka sanin ina furfura ta tsaya. Na kwance kayana na zube: awarwaron azurfa da Tunau ya saya mini, zannuwana, tasa, tukunyar ƙarfe, ragowar goro, da curin daddawa. Ba da son raina na zube su ba, don a kasuwarmu wanda ya nuna duk abin da ke lalitarsa ya gama yawo. Aka kawo ƙwai a cikin ƙoƙo, jajaye, kowanne ya cika tafin hannu biyu.

Magajiya ta ɗauki ɗaya ta taɓe baki. Ta ce ƙwan bana ƙanana ne, uwar sakarya ce mai yar da ɗa, wataƙila ma rabinsu baragurbi ne, ita kunya take ji ta nuna wa baƙuwa. Wallahi sai da na ciji harshena, don duk abin da ta faɗa shi ne ya taso mini a maƙogwaro. Na ce ƙwan ba laifi. Ta miƙa hannu ta janye awarwarona wajenta. Na ce a'a, ai suna da kyau ƙwarai. Ta dube ni, ta janye zannuwan. Na ce ban taɓa ganin irinsu ba. Ta janye tasar. Saura tukunya da goro da daddawa, kuma in tukunya ta tafi ba abin da zan ɗauki ƙwai a ciki.

Na ɗaga kai na hango bukkokin nan, manyan mutane masu jikoki sun dunƙule a ciyawa, ɗuwawu a waje. Na tuna Tabawa a gidan suna. Raina ya ɓaci, bakina ya buɗe da kansa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni ban iya yabo ba, kin gani da idonki. Amma bari in gaya miki abin da na baro a gida. Na baro kaza. In za ta yi ƙwai ɗaya sai duk unguwa ta ji. In ta kwanta sai ta kumbura kamar ita ta kafa garin, a kai mata tsaba, a kai mata ruwa, ta sare ka a hannu, jikinta duk ƙwarƙwata. 'Ya'yanta su fito tsirara suna kuka, shirwa ta ɗauke rabi tana kallo. Uwar ɗakinta kuma ta fi ta, sai an durƙusa mata kafin ta ba da aron wannan ƙazantar. Na baro zabuwa, mai ƙwai ba hankali. Na taho da waɗancan, da suka bar gidajensu suka haye teku don su kwanta a ciyawa. A duk waɗanda na lissafa miki, nuna mini ɗaya da zai iya fitowa daga ƙarƙashin ƙasa shi kaɗai, ba wanda ya kira shi, ba wanda ya ɗaga shi. Abin da ke cikin ƙoƙon nan zai iya. Kina ce wa uwarsa sakarya. Ita kaɗai na sani da ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa ba."

Magajiya ta fashe da dariya har toka na zuba daga kanta. Ta turo tasa. Ta ce in ƙara ba ta labarin matar nan mai kaji. Na ƙara, ban rage komai ba, har yadda take tauna goro. Zannuwa suka dawo, awarwaro ya dawo. A ƙarshe ta ɗauki daddawa ta shinshina, ta ce ba su da irin wannan a tsibirin, amma curi guda ya yi yawa a kan ƙwai marasa kyau. Ta gutsura rabi ta turo mini rabi. Har yau ina ganin da na ƙara taɓa Tabawa kaɗan da rabin ma ya dawo.

Ita da kanta ta cika tukunyata da toka ta binne ƙwan. Ta kama hannuna ta tura a ciki, ta ce in riƙe wannan ɗumin, kamar goshin yaro mai zazzaɓi, kada ya fi, kada ya gaza. Sannan ta ce, "Ƙanwata, ɗan binnau ba ya zama a gidan kowa. Na gaya miki don kada ki ce an cuce ki." Na yi godiya. A raina na ce ban taɓa ganin tsuntsun da ya ga dawa ya wuce ba.

Muna cikin sallama dutsen ya yi tari. Ƙasa ta motsa, toka ta turnuƙe sama, da rana tsaka ba ka ganin tafin hannunka. Ashe a irin wannan lokacin kaɗai binnau ke saukowa yin ƙwai. Masu kallo suka ji fiffikenta ta ko'ina, wata ma ta taka wa Alhaji baya ta wuce, amma ko gashinta ba su gani ba. Bawale ya yi ta buga ganga a bakin ruwa, muka bi sautin da lalube, ni da tukunya a ka. Da muka yi nisa Alhaji ya zauna a kujerarsa, fari fat da toka, ya ƙi cin abinci. Ya ce ya tsufa, ba zai sake wannan tafiya ba.

A hanyar dawowa iska ta juya mana, mai sanyi, jirgi na tafiya kamar jaki mai ciwon ƙafa. Na ajiye tukunyata gefen murhu ina juya ta, ina tura hannu ina aunawa. Sai Bawale ya ce itace ya kusa ƙarewa, daga yau wuta ta girki ce kawai, a gama a kashe. Na yi faɗa, na yi barazana, ya ce ko zan cinye shi ba zai bar mutane su ci ɗanyen gari saboda ƙwai ba. Washegari na tura hannu na ji tokar ta fara hucewa.

Na je na tsaya a kan Alhaji. Na tambaye shi ko har yanzu yana son ganin binnau. Ya ce kada in yi masa ba'a. Na kai shi na share toka kaɗan ya ga jan ƙwai. Mutumin nan sai ga shi a durƙushe. Ya ce in faɗi ko nawa ne na zinariya. Na ce ƙwai ba ya jin ɗumin zinariya, kujera nake so. Ya ce kujerar nan ta yi yawon duniya da shi, wani gwanin masassaƙi ya yi ta. Na ce to ya koma ya zauna a kanta, na fara mayar da toka. Shi da kansa ya karɓo gatari. Sauran suka biyo baya, kowa da tasa, sharaɗi kuwa ba mai taɓa tukunya, ba mai hura mata numfashi, kuma kowa zai yi zaman gadin wuta. Kujeru suka ƙare muka shiga akwatuna, akwatuna suka ƙare muka shiga ƙafafun da suke ɗora madubai. Attajirai suka koma zaman dirshan a kan katako mai jiƙa. Zan faɗi gaskiya ɗaya game da Alhaji: mutumin da ya iya zama shiru yana kallon abu ɗaya wuni guda ya iya gadin wuta. Ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba. Amfaninsa ke nan da na gano.

Wata safiya tokar ta motsa. Na riga na daka dawa, na ajiye ruwa a kasko. Suka kewaye tukunya ba mai ko tari. Wani ɗan kai ya ɓullo, ya huta, ya yunƙura ya fito gaba ɗaya. Ba tsirara ya fito ba irin ɗan kaza, da gashinsa cif, baƙi mai jan ƙirji. Ya girgije toka. Na watsa masa dawa ina kiransa yadda ake kiran 'yan tsaki. Bai dubi dawar ba, bai dube ni ba, bai dubi attajiran da suka ƙona kujerunsu dominsa ba. Ya buɗe fiffike ya tashi, ya miƙe can inda hayaƙin tsibiri yake.

Na biyu ban yi sake ba, yana fitowa na kifa masa kwando. Ya yi ta dukan kwandon da kai. Na zuba dawa, na rufe da zane ko duhu zai kwantar da shi, bai fasa ba. Da na ɗaga zanen na ga jini a bakinsa.

Alhaji ya ce a hankali, "Inna, zai mutu."

Na ce masa na fi shi ido. Na ƙara jira kaɗan, ko zai gaji. Bai gaji ba. Mushe ba shi da kasuwa, kuma ni na yabe shi da bakina a kan wannan halin. Na ɗaga kwandon. Sauran ban ma wahalar da kaina ba, suna fitowa suna tafiya, ina zaune ina kallon dukiyata na bin iska. Alhaji yana hawaye yana sa mini albarka. Na ce ya fyace hancinsa. Ya ce zai ba ni abin da zan ja jari. Na ce cinikinmu kujera da kallo ne, ya biya, ya gani, ba saura.

Da suka watse na jawo tukunyar zan zubar da tokar a teku. Na tura hannu in kwashe ɓawon ƙwai, sai na ji ɗumin nan yana nan. Na tsaya. Dutsen yana can baya, mun yi nisa da shi. Uwar ba ta taɓa ganin tukunyar ba. Abin da ya ƙyanƙyashe ƙwan nan toka ce da wuta da hannuna. Na mayar da murfi na ɗaure tukunyar a zane.

Na iso Tudun Sabara an yi ruwan fari, zabina sun fara zuba ƙwai. Labari ya riga ni isa, wai Yelwa ta haye teku ta dawo da toka. Mata suka yi ta zuwa yi mini sannu da zuwa suna leƙen tukunya suna danne dariya. Na ba su ruwa suka sha suka tafi. Na gina ɗan murhu a kusurwar ɗaki, na jera ƙwan zabi sama-sama a cikin toka, don na san ɗan zabuwa ba shi da ƙarfin tono. Ina juya su da hannu yadda kaza ke yi da ƙafa. Zubin farko wasu suka dahu, na ci da gishiri, wasu suka ruɓe har maƙwabta suka aiko. Na rage wuta, na riƙa yayyafa ruwa, na sake zubawa. Ban je biki ba, ban je kasuwa ba, gaisuwar mutuwa ma a tsaye na yi ta na dawo da gudu. Na zama kaza da girmana. Ran da na ji ƙwai na farko yana ƙwanƙwasawa daga ciki, na rufe ƙofa don kada wani ya ga fuskata.

Kafin damina ta raba tsakiya ina da 'yan tsaki cike da tsakar gida, suna bina duk inda na sa ƙafa. Matan da suka yi dariya suka fara sallama da ƙwai a ƙoƙo. Na karɓa, na yanka rabona ƙasa da na Tabawa, kuma a tsaye ake ba ni. Kajinta suka rasa aiki, ga ci kamar gara. Da kaka ta yi sai ga ta a kasuwa da kwanduna.

Na je da sabon zane. Na sa hannu na ɗauko babbar jar kazar nan da take taƙama da ita, wadda ta fi kowace kwanci. Na juya ta, na hura gashinta, na ce ta tsufa, ƙirjinta ƙashi ne, ƙafarta da kirci, idonta ɗaya na ruwa. Kai, na yi kewar ciniki irin na mutane. Ta faɗi kuɗi, na ajiye kazar na juya. Ta kira ni. Sai da na tafi na dawo har ta gaji ta sallama, jama'a sun taru suna kallo.

Ina ɗaure ƙafafun kazar ta ce, "Yelwa, ke da aka ce ba kya buƙatar kwanci, me za ki yi da ita?"

Na ce, "Farfesu, Yaya Tabawa. In kina so ki aiko da kwano."

Ta aiko kuwa. Na zuba mata wuya da ƙafafu.